Goran Iri a Ɗakin Baba

Shekarar da aka toshe kogi a Kainji nake nufi, shekara takwas bayan ranar da aka raba mana ƙananan tutoci a Yelwa aka ce ƙasa ta zama tamu. Ban san lissafin watannin boko ba a lokacin, karatu da furfura ya same ni. Abin da na riƙe shi ne dawa ta fara fitar da kai, matata na da ciki wata biyar, ana kuma yaƙi can kudu, don mukan ji labarinsa a rediyon wani mai tebur a kasuwar Wara.

Mu mutanen gungu ne, wato tsibiran da ke tsakiyar kogi ƙasa da Yelwa. Da rani albasa muke nomawa a bakin ruwa, mu ɗebo da ƙwarya mu watsa wa fangali tun safe har kafaɗa ta mutu. Baba ya rasu ya bar mu maza biyu, ni da wana, ya bar mana Inna, da jirgi ɗaya, da rumbu uku, da irin albasa. Irin nan shi ne gidan. Daga hannun kakanmu ya fito. Kowace shekara a zaɓi manyan kawuna a bar su su yi fure, a tara baƙar ƙwayar, a gauraya da toka a ɗura a gora, a toshe bakin da tsumma da kakin zuma. Fatake kan nemi albasar gidanmu da gangan, don ba ta saurin ruɓewa a hanya.

A shekarar goruna bakwai ne, rataye a rufin ɗakin Baba. Gidanmu kuwa na da ƙa'ida: ba a sauke iri sai ruwa ya juya. A gaban gungunmu akwai wani dutse mai tsaga a kafaɗa. Kowace damina ruwa zai hau har tsagar, ya tsaya kwana biyu ko uku, sa'annan ya fara ja da baya. Ranar da aka ga jiƙaƙƙen dutse ya leƙo, babban ɗa zai zuba giya a ƙofar ɗakin, ya kira waɗanda suka riga mu, ya shiga ya sauko da goruna. Kafin wannan rana ko kaza ba ta shiga ɗakin.

Ni na daina tsayawa wurin zuba giyar tun shekarar tutoci. Wani malamin bishara ya riƙa zuwa gungu yana wanke wa mutane gyambo, na saurare shi, na karɓi baftisma, na auri 'yar ikilisiya. Wana bai kore ni daga gida ba. Suna kawai ya canza mini. Ɗan mishan, zo ka kama igiya. Ɗan mishan, Allahnku ya hana cin kifi ne?

Da ma'aikatan gwamnati suka zo da manyan jirage don kwashe mu zuwa sabon gari a tudu, muka loda tukwane da tabarmi da awaki. Na ce wa wana, “Yaya, iri fa?”

Ya ce, “Ruwa ya juya?”

“Sun ce wannan karon ba zai juya ba.”

“Su wa? Waɗanda ba su iya riƙe filafilin jirgi ba? Tun kakan kakanka kogin nan yake hawa yana sauka. Mu je mu zauna musu a ɗakunan siminti har su gaji. Da rani muna nan.”

Har dawar da ta rage a rumbu ɗaya ya hana a taɓa, wai ita za mu ci in mun dawo shuka. Na dubi Inna. Ta sunkuyar da kai tana ɗaure bakin buhu. Ba wana kaɗai ya yi wannan tunani ba, dattawa da yawa haka suka ɗauka, sai dai su sun ɗauko irinsu a ɓoye cikin kayan mata.

A sabon gari na kafa sanda a bakin ruwa. Kowace safiya in yi mata tsaga daidai inda ruwa yake, kowace yamma in koma in tarar tsagar ta nutse. Na auna da hannu: daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ruwa na hawa yatsu huɗu. Da sandar ta nutse na kafa wata a sama. Na je na faɗa wa wana.

Ya ce, “Sandarka ta fi dutsen Baba sanin kogi?”

Bayan kwana goma wasu masunta suka ce dutsen ma ba a ganinsa, sun bi ta kansa da jirgi. Wana ya ce ba su san dutsen ba ne. Bayan wasu kwanaki aka ce ruwa ya shiga lungunan gungu. Ya daina zama a dandali. Nakan hango shi tsaye a gaɓa yana kallon gabas da hannu a ƙugu, in ya ji tafiyata sai ya yi kamar jirgi yake dubawa. Ni kuma na san in iri ya tafi ba mu da abin yi a wannan tudu mai tsakuwa, ga haihuwa na tafe.

Wata safiya ya tsaya a ƙofata da gwangwala a hannu, sandar tuƙa jirgi. Ya ce, “Tashi mu je.”

Muka bi ta kan gonakin mutane. Kawunan dawa na shafar cikin jirgi. Tsamiyar dandalinmu ruwa ya kai mata ƙugu, ɓeraye sun cika rassanta. Muka shiga gidanmu ta inda danga take a da. Ɗakin Inna ya riga ya zauna, jinkarsa na yawo. Ɗakin Baba na tsaye, ruwa ya cinye fiye da rabin ƙofar.

Wana ya kafa gwangwala ya tsai da jirgi. Ya daɗe yana kallon ƙofar. Ya zo da giya a ɗan tulu, amma ba ƙasar da zai zuba wa. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Ni ba ni da ikon shiga. Ruwa bai juya ba. Kai da ka ce waɗanda suka riga mu ba su da iko a kanka, shiga ka sauko da gorunan.”

Na ce, “Shekara takwas ka hana ni taka bakin ƙofar nan.”

“Yau na ce ka shiga.”

Na tuɓe riga na sauka. Ruwa ya kama ni a ƙirji, sanyi kamar na randa. Na sunkuya na nutsa ta ƙofar na ɓullo ciki. Duhu, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gorunan na nan rataye, bakwai cif, na ƙasa bai fi taƙi ɗaya tsakaninsa da ruwa ba. Na kwance shi na rataya igiyar a wuyana. Na biyu ya yi mini nisa, sai na dafa bango don in yi ɗage. Hannuna ya shige cikin bangon kamar cikin tuwo.

Ban ji ƙara mai yawa ba. Ɗakin ya durƙusa ne kawai. Katakon kan ƙofa da ƙasar da ke bisansa suka sauko a kan ƙafata ta hagu, na ji ƙashi ya karye can ƙarƙashin ruwa. Jinka ta rufto mini. Na yi ta yagar ciyawa har kaina ya fita waje. A zaune nake a kan tarin laka, ƙafa a danne, ruwa a haɓata. Ga fasassun goruna na yawo, toka da baƙin iri sun rufe fuskar ruwa.

Na yi ihu, “Yaya! Ƙafata! Kawo gwangwala!”

Yana tsaye a jirgi, tsakaninmu bai fi tsawon mutum uku ba. Na ga idonsa. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskar babban mutum ba. Ya ce, “Sun ƙi. Sun ƙi, sun kama ka.”

“Bango ne ya jiƙa! Yaya, zo ka ɗaga katakon!”

Ya cire gwangwala daga laka. Na ɗauka matsowa zai yi. Sai ya tura jirgin baya. Na bi bayansa da kallo har ya wuce tsamiya, ina kiransa da Yaya, ina kiransa da sunan da Inna ke kiransa yana yaro. Bai waiwayo ba.

Rana ba ta kai tsaka ba a lokacin. Na sa hannu na auna daga haɓata zuwa ƙofar hancina. Yatsu uku. Na san abin da sandata ta koya mini, yatsu huɗu kafin faɗuwar rana. Na ja ƙafar, duniya ta yi baƙi, na bari. Wuyana ya fara gajiya da ɗaga kai. Nan na lura goran da ke wuyana yana ta bugun kunnena, yana yawo a kan ruwa. Na jawo shi na tura ƙarƙashin haɓata na rungume da hannu biyu. Ya ɗaga mini kai kamar matashi.

Zan so in rubuta cewa waƙar coci na yi ta rerawa. Ba haka aka yi ba. Zagin wana na yi, da harshenmu na gungu da Hausa, har muryata ta dushe. Na roƙi Allah ya kife jirginsa. Da zagi ya ƙare sai na koma cewa, Yesu, ga ni, Yesu, ga ni, ba wata kalma. Ƙananan kifaye na tsattsagar raunin. Inuwar tsamiya ta juya gabas. Ruwa ya taɓa leɓena na ƙasa, na rufe baki ina numfashi ta hanci, in iska ta kaɗa sai in haɗiye.

Wajen la'asar na ji ana buga gefen jirgi, irin bugun da Sarkawa masunta ke yi don koro kifi. Na ɗaga goran da hannu ɗaya na yi wani kuka da ba na mutum ba. Jirgi ya leƙo ta bayan rumbu, da wani tsoho mai jar hula da ƙanensa.

Tsohon ya ce, “La'ilaha illallahu! Mutum ko aljan?”

“Mutum ne, Baba.”

“To mutum, mi kaka yi cikin jinka awa kaza mai kwanci?”

“Katako ya danne mini ƙafa.”

Suka diro cikin ruwa su biyu. Ƙanen ya nutsa ya lalubo katakon, suka cusa gwangwala ƙarƙashinsa. Tsohon ya ce in saki goran in kama wuyansa. Na ce ba na saki.

Ya ce wa ƙanensa, “Ji min Bagunge. Ruwa na bakinai, shi ta albasa yaka yi. To riƙe abinka, ɗana. In na ce ja, ka ja, ko uwarka za ka kira.”

Na kira ta kuwa.

Da suka kawo ni gaɓa na tarar da matata a cikin ruwa har gwiwa, da cikinta, tana roƙon mutane jirgi. Ashe wana ya dawo tun azahar ya shige ɗaki ya ja ƙyaure. Ta tambaye shi ina nake, ya ce, “Yana can.” Bai aiki kowa ba.

'Yan ikilisiya suka nemo mota aka kai ni asibitin mishan mai nisa. Ƙafar ta riga ta yi baƙi, aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Na dawo da sanduna biyu a hammata lokacin da sanyi ya fara shigowa, maƙwabta duk sun yayyafa irinsu a bakin sabon tafki. Irin albasa ba ya jiran shekara biyu. In wannan sanyi ya wuce bai shiga ƙasa ba, ya zama toka kamar wadda aka gauraya shi da ita. Tsofaffi suka ce kwana goma ya rage, in an yi sa'a.

Goran na hannun matata, ta ɓoye shi a ƙasan tukunyar da take ajiye zannuwanta. Ni ba ni iya tsugunno, balle ɗiban ruwa da ƙwarya. Ita ta yi nauyi. Wana kuwa, aka ce ya share wuri a gaɓa ya ja fangali goma sha biyu, ya bar su fayau, don ya zaga gari ba wanda ke da irin da zai raba. Bai zo gaishe ni ba. Ɗakinsa na kallon nawa, in na fito sai ya koma ciki.

Matata ta ce, “Maigida, 'yan'uwana sun ce a ba su su shuka, a raba amfani.”

Na ce, “In ya tafi gidanku ya zama irin gidanku.”

“To ya zama. Ya fi ya shiga hannun wancan. Wallahi ko ƙwaya ɗaya. Ni na tsaya cikin ruwa ina roƙon jirgi, yana kwance a ɗaki yana jina.”

Ban musa mata ba, don abin da ke bakinta shi ke cikina.

Ran Lahadi aka taru a ƙarƙashin rumfar da muke sujada. Akwai addu'ar da muke yi tare, wadda a tsakiyarta mutum ke roƙon a yafe masa da irin mudun da shi ma yake yafe wa wasu. Tun daga asibiti, in an zo wurin sai in rufe baki, in an wuce in ci gaba. Bayan an tashi malaminmu ya zauna kusa da ni a benci. Ya tambayi ciwo, ya tambayi mai ciki. Da zai tafi ya ce, “Na ga kana tsallake wani wuri a addu'a. Gara haka da ka faɗa da ƙarya. Amma kada ka gina ɗaki a wurin.” Ya ɗauki kekensa.

Kwana huɗu suka wuce. Inna ke kai mana abinci mu biyu, ƙwarya ɗaya nan, ɗaya can, ta wancan ɗakin takan dawo yadda ta tafi. Ta rame har zanenta na zagaya ta sau biyu. Wata rana ta ajiye mini kunu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Auta, wanda aka bari a ruwa nawa ne. Wanda ya gudu ma nawa ne. Ban ce ka yi komai ba.” Ta tafi.

Da rana ta yi sama na ce wa matata ta ɗauko mini goran in duba ko irin na da rai. Ta miƙo tana harara. Na juya shi a hannu. Ga shatar haƙorana a wuyansa, ban ma san na cije shi ba. Na kai ga bakin, na tsaya. Kakin zuman na nan lafiya, an shafe shi sau uku, an bi gefe da babban yatsa, har zanen yatsan ya fito a jiki. Na san yatsan. Ni in na toshe gora, Baba kan sa a sake. Wana ne mai wannan haƙurin, zai wuni a kan gora ɗaya yana murza kaki. Da ya yi aikin ganin ido, da ruwa ya shiga, da goran ya nutse tun azahar, ni ma na bi shi.

Na daɗe zaune da shi a cinya. Na fara lissafa wa Ubangiji abin da ya ba ni a ranar nan: goran da ya zo hannuna farko, igiyar da ba ta tsinke ba, iskar da ba ta tashi sosai ba, tsoho mai jar hula da ya ga dama ya bi ta bayan rumbunmu. Na yi godiya a kan kowanne. Da na zo kan kakin, na rasa yadda zan gode a kansa in tsallake hannun da ya shafa shi. Zuciyata ba ta yi sanyi ba, kada in yi ƙarya. Abin da na gane kawai shi ne an yi mini alherin da ban biya ba, ina kuma zaune a kan irin gidanmu ina jira ya mutu don wani ya ji zafi.

Washegari da safe na rataya goran a wuya na ɗauki sanduna. Matata ta tare ƙofa.

“Ina za ka?”

“Gaɓa.”

“In ka ba shi, kada ka ƙara ce mini in dafa maka ruwan wanke dungun nan.”

Na ce to. Ta kauce tana kuka.

Hanyar gaɓa gangare ce mai tsakuwa. Na faɗi sau ɗaya, na kare goran da ƙirji, dungun ya bugi dutse har na ga taurari. Wana na zaune a kan kunyar fangali ya ba ni baya. Ya ji ƙarar sanduna, bai juyo ba.

Ya ce, “Ka zo zagina?”

“Na gama wannan tun a ruwa. Ba ka ji ba ne, ka yi nisa.”

Ya juyo. Idonsa ya sauka inda ƙafata take a da, ya kasa ɗagowa. Na cire goran na miƙa masa. Ya ɓoye hannuwansa a hammata kamar na miƙo garwashi.

“Sun ƙi ni,” in ji shi. “Ni na kai ka. Ni na bar ka.”

“Kai ne. Na ga bayanka, har gobe ina ganinsa. Na yafe maka, Yaya, don ni ma an yafe mini. Karɓi, hannuna ya gaji.”

“Ruwa bai juya ba.”

“Ba zai juya ba. Buɗe.”

Ya karɓa. Ya kasa ɓamɓare kakin da farce, sai da ya sa haƙori. Ya zuba kaɗan a tafinsa, ya hure tokar. Irin a bushe yake ƙayau. Ya durƙusa a cikin fangali ya kifa goshi a ƙasa, kafaɗunsa na girgiza. Na bar shi. Da ya ɗago na ce masa ya jiƙa ƙasar tukuna, rana na yi.

Kwana bakwai ba abin da ya fito. Kullum in gangara in zauna a kan kifaffen turmi ina kallon baƙar ƙasa, shi yana ɗiban ruwa. Matata ba ta yi mini magana ba duk kwanakin, amma ruwan zafi na samunsa a bakin ƙofa. Ran na takwas muka tarar da tsiro siriri kamar gashi, kowanne a lanƙwashe, ya rufe fangali uku. Wana ya ce, “Ɗan mishan, ka gani?” Na ce na gani. A fangali uku aka samu dashen da ya cika sauran taran.

Bai taɓa shiga coci ba har ya rasu, bai kuma taɓa cewa in yi haƙuri da baki ba. Amma shekara goma sha ɗaya, duk ranar kasuwa, shi ke goya ni daga gaɓa zuwa cikin jirgi. Yafewar kuwa ba sau ɗaya na yi ta ba. Duk lokacin da ƙafar da babu ta tashe ni da ƙaiƙayi, sai na sake. Matata ta haifi 'ya mace a watan da muka yi dashe, 'yar ce ke toshe gorunan gidanmu yanzu.

Abin da ruwa ya ci a gidanmu a shekarar nan: ɗakuna biyar, rumbu uku, ɗaya da dawa har rabi, tsamiya ɗaya, dutse mai tsaga, kabarin Baba da na kakanmu, goran iri shida, da ƙafata ta hagu daga gwiwa zuwa ƙasa.